Ranar da Na Miƙa wa Saurayina Takardar Haya

Wata mai karatu ta turo min saƙo wai ta gaji da labarin famfo da mitar wuta, in ba ta labarin soyayya. 'Yar'uwa ki yi haƙuri, ni tawa soyayyar ma ta famfon ta biyo. Gyara zama ki ji.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, Babanmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar mana gida ɗaya mai sashe huɗu. Ni da Umma da ƙannena mata biyu muna sashen gaba, sauran ukun muna ba da su haya. Da kuɗin nan muke ci, da shi ƙannena ke karatu, da shi ake sayen maganin hawan jinin Umma kowane wata. Ba mu da wata hanyar samu bayan ita. Tun Baba na da rai ni nake riƙe masa fayil ɗin 'yan haya, da ya tafi sai komai ya faɗo kaina, har 'yan hayar suka laƙaba min Manaja. Umma ma haka take kirana idan tana tsokanata, ko idan na ɓata mata rai.

Bara bututu ya fashe a ƙarƙashin banɗakin ma'aikaciyar jinyar da ke sashen tsakiya, dole aka fasa ƙasa. Da mai famfo ya gama sai ya ba ni lambar wani mai sa tayil. Ya zo da fensir a maƙale a kunne, dogo, ba shi da yawan magana, ya durƙusa ya yi aikin da har yau idan na shiga banɗakin sai na tsaya na kalla. Na biya shi, na ce ya rubuta min ya karɓa. Ya ɗago ya dube ni ya yi murmushi, ya ce bai taɓa ganin mace mai son takarda irina ba. Bayan sati ya dawo wai ya zo duba ko aikin ya zauna. Aikin ya zauna, shi ma ya samu wurin zama.

Wata tara ke nan. Manyansa sun zo sun gaisa da kawunnaina, magana ta yi nisa. Umma kuwa kamar ta goya shi, don tun da ya fara zuwa ƙofa ba ta ƙara ƙara ba a gidanmu, tankin ruwa bai ƙara yoyo ba. Ni ma ina sonsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Idan na ji tsayuwar babur ɗinsa sai na duba madubi sau biyu kafin in fita.

Sashen baya shi ne babba a gidan: ɗaki biyu da falo, kicin, banɗaki, da ɗan filin shanya. Shi kaɗai yana kawo kusan rabin abin da muke samu. Malamin makarantar da ke ciki aka yi masa canjin wurin aiki, ya tashi wata biyu da suka wuce. Ina cikin tantance masu zuwa dubawa, ranar Laraba da hantsi ina guga, sai saƙon saurayin nawa ya shigo.

"Manaja, sashen baya kar ki ba kowa."

"Dalili?"

"Ni zan kama. In gyara mana shi yadda ya dace da ke, in an yi biki mu zauna a nan kusa da Umma."

Na ajiye dutsen guga, ina murmushi ni kaɗai kamar wata sakarya. Na rubuta: "Haya ko kyauta?"

"Haba dai, haya mana. Abin da na kashe a gyara sai a riƙa cirewa a hankali."

A nan murmushin ya tsaya. Duk mai ɗan gidan haya da ke karanta wannan, ko ɗaki ɗaya ne da kai, ka ji tsoron kalmar nan ta "a riƙa cirewa a hankali", domin ba ta da ranar ƙarewa. Baba bai taɓa yarda ɗan haya ya yi masa gini ba. Idan abu ya lalace shi yake gyarawa da kuɗinsa, shi ya sa duk shekara yake ware kuɗin wata ɗaya na kowane sashe ya ajiye gefe, ni ma haka nake yi. Idan kuma dole ɗan hayan ne zai yi, to a rubuta wane aiki ne, kar ya wuce nawa, kuma na wa zai zama idan ya tashi.

Da yamma na samu Umma a falo tana tsefe wa autarmu kai, Gwaggo ƙanwar Baba na kishingiɗe a doguwar kujera da waya a hannu. Ashe ya riga ni, ya kira Umma tun safe ya faɗa mata.

"Kin ga ɗan albarka ko?" in ji Umma. "Zai bar min ke a kusa."

"Na gani Umma. Zan rubuta masa takarda, kuma zan je in ga mai gidan da yake zaune yanzu."

Gwaggo ta miƙe zaune har ɗankwalinta na zamewa. "Ki je ki ga wa? Ke yarinyar nan lafiyarki kuwa? Mijin da za ki aura za ki bi sawu kamar wanda ya saci akuya?"

"Gwaggo binciken aure su Kawu sun yi. Wannan na haya ne, kowa ma ina yi masa."

"Shi kowa ne? Shekararki ashirin da takwas fa. Biyu sun zo sun gudu saboda wannan bakin naki mai kama da na lauya, yanzu na ukun ma za ki kora da fayil."

Umma ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsifa. Ta ce, "Manaja, ba komai ake sa wa biro ba. Ki bar maganar nan."

Amma ban bari ba.

Ni dai ba na ba mutum makulli sai na ga inda yake zaune. Mai neman haya ranar da zai zo maka wanka yake yi ya fesa turare, bakinsa kamar zuma. Je ka gidan da zai bari ka dubi magudanar ruwa, ka dubi bangon kicin, ka ga inda yake zuba shara. Sannan ka samu mai gidan ka yi masa tambaya biyu: yana biya a kan lokaci? Idan ya tashi ya dawo, za ka sake ba shi? Ta farkon mutane kan rufa wa juna asiri. A ta biyun ne za ka ga fuska ta canja.

Ranar Asabar da safe na san yana wurin aiki a wani bene da ake ginawa. Na sa doguwar riga ruwan toka marar ado, na yafa baƙin mayafi, na sa takalmi marar tsini, na ce wa Umma zan je kasuwa. Kwatancen gidan ba wuya, sau ɗaya ya taɓa nuna min shi daga bakin titi.

Tun daga ƙofa na gane sashensa. Ƙyauren ƙarfe sabo, baranda shimfiɗe da tayil mai ruwan ƙasa, tanki a sama, magudanar ruwa fes kamar an wanke da sabulu. Ɗaya ɓangaren kuwa fentinsa duk ya ɓare. A nan na tarar da mai gidan, wata dattijuwa siririya da tabarau, zaune a kujerar roba kusa da firiza tana sayar da ƙanƙara. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina da gidan haya ne, ɗan hayarta ya nemi sashe a wurina.

"Mai tayil? Ai yaron kirki ne," ta ce. "Zauna 'yar nan, ga benci."

"Mama yana biya a kan lokaci?"

Ta yi 'yar dariya. "Shekara biyun farko, tun kafin wata ya mutu yake kawowa."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ya fara gyara."

Ta cire tabarau ta goge da gefen zaninta, ta ba ni labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Duk abin da zai yi sai ya tambaye ta. Mama in sa tayil a falo? Sa mana ɗana. Mama silin ɗin nan ya tsufa, in canja? Allah ya yi maka albarka. Mama in ɗora tanki? Tana murna gidanta na yin kyau, ya ce za a riƙa cirewa, ta ce ba komai. Ba ta taɓa tambayar nawa ba. Da ɗanta zai yi aure ta buƙaci sashen, ta ba shi notis na wata uku. Washegari ya zo da fayil.

"'Yar nan, ko ƙusa ya saya rasit ɗinta na ciki. Da kuɗin aikin hannunsa, kwana nawa, duk a rubuce. Ɗana ya zauna ya lissafa sau uku, babu ƙari ko na sisi. Aka tashi da kuɗin hayar shekara uku da rabi. Ya ce ko in biya shi ya tashi, ko ya zauna har ya cinye. Ina na ga wannan kuɗin? Ɗana can yake haya a wata unguwa da matarsa da 'ya'ya biyu, ni kuma ga ni da ƙanƙara."

"Yaushe zai cinye?"

"Ƙarshen shekarar nan."

Na ƙirga da yatsu. Saura wata huɗu ke nan.

"Kar ki ce ya cuce ni," ta ƙara. "Ko sau ɗaya bai yi min rashin kunya ba. Firizar nan ma shi yake gyara min kyauta. Ni ce na ce to ban tambayi nawa ba."

Sai na yi mata ta biyun. "Mama idan ya tashi ya dawo, za ki sake ba shi?"

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi lallen hannuna da zoben da ke yatsana. Na san ta gane ko ni wace ce.

"Da ina da 'ya mace zan ba shi," ta ce. "Makullin gida dai, a'a."

A cikin motar dawowa na rasa abin da ke min daɗi. Mutumin nan bai yi sata ba, aiki ya yi, kuma aiki mai kyau. Amma tsohuwar ba tayil take nema ba, abin sawa a baki take nema da wurin da ɗanta zai zauna. Na lissafa shekara uku da rabi babu kuɗin sashen baya a gidanmu. Ƙanwata babba saura mata shekara biyu ta gama jami'a. Sai kuma wata tambaya da na yi ta korewa tana dawowa: ni yake so ya zauna kusa da Umma, ko wa'adinsa ne ya kusa cika? Na ji kunyar kaina da na yi wannan tunanin, kuma na kasa daina shi.

Ina shan kwanar layinmu na hango tulin yashi a ƙofar gida. Buhunan siminti goma a jingine da katanga, kwalayen tayil a jere. Daga ciki kuma ƙarar guduma ke tashi.

Ban san lokacin da na isa sashen baya ba. Ƙofa a buɗe, makullin na jiki. Leburori biyu sun riga sun fasa rabin bangon da ya raba kicin da filin shanya, ƙura ta turnuƙe ko'ina.

"Ku dakata! Wa ya sa ku?"

"Maigidanmu mai tayil ne, Hajiya. Ya ce a faɗaɗa kicin ɗin."

"Ku ajiye gudumar. Yau an tashi."

Suka dubi juna, suka ajiye. Na ciro waya na ɗauki hoton bangon ta kowane gefe, na ɗauki kayan da ke waje, na ƙirga buhunan. Hotunan sashen na ranar da malamin ya tashi suna nan a wayata, domin kowane ɗaki ina ɗauka ranar shiga da ranar fita. Na kulle ƙofar na zare makullin.

Umma na tsaye a tsakar gida da buta a hannu.

"Ni na ba shi," ta ce tun kafin in yi magana. "Ya zo da safe ya ce yana so ya ba ki mamaki. Gidan nan dai ina da iko da shi ko?"

"Kina da shi Umma. Su ma yaran nan suna da rabonsu a ciki."

Na ja ta ɗaki na faɗa mata duk abin da tsohuwar ta ce. Ta zauna a bakin gado. Da ta buɗe baki sai muryarta ta karye.

"Wancan gidan bare ne. Nan gidan matarsa ne, ba zai yi mana haka ba."

"In ba zai yi ba, sa hannu ba zai yi masa wuya ba."

"In kuma ya yi fushi ya tafi fa? Ni maganin nan zan iya haƙura da shi. Ganinki a gabana kina tsufa da fayil a hannu ne ba zan iya ba."

Wannan maganar ta soke ni fiye da duk surutun Gwaggo. Na rungume ta. Da na tashi sai na ɗauko takarda da biro.

Ban rubuta masa abin da ban rubuta wa kowa ba. Kuɗin haya na shekara, daidai da na malamin da ya tashi. Gyaran da za a cire a kuɗin haya shi ne fenti da tayil ɗin banɗaki kawai, kuma kar ya wuce kuɗin wata uku. Duk wani aiki bayan wannan sai da izinin Umma a rubuce, kuma ya zama na gida, ba biya ba ragi. Bangon da aka fasa, ko ya mayar da shi yadda yake ko ya ƙarasa a matsayin kyauta. Notis wata uku daga kowane ɓangare. A ƙasa na ƙara layi ɗaya: aure ko rashinsa ba zai canja komai a cikin wannan takarda ba. Na kai shagon buga takardu aka fitar min da kwafi biyu. Sannan na tura masa saƙo.

"Na tsayar da aikin. Ka zo mu yi magana."

Ya karanta nan take.

Bayan la'asar na ji babur ɗinsa. Wannan karon ban duba madubi ba. Ya shigo da kayan aiki a jikinsa, wando duk siminti, ya gaida Umma daga bakin ƙofa, ta amsa ta shige ɗaki ta saki labule. Muka zauna a falo, teburi a tsakaninmu. Na kawo masa ruwa bai taɓa ba. Na tura masa takardar.

Ya karanta a hankali, yana bin kowane layi da yatsa. Da ya kai layin ƙarshe ya daɗe a kansa.

"Kin je wurin Mama."

"Na je."

"Ta ce na cuce ta?"

"Ba ta ce ba. Yabonka ma ta yi."

"Ko ƙusa ɗaya ban ƙara mata ba. Gidan da na shiga kango ne, yanzu je ki tambayi nawa za a kama shi."

"Na yarda. Amma shekara uku ba ta karɓi komai ba, mu kuma abin da ya wuce wata uku ba za mu iya ba."

Ya shafa kansa, ƙura ta zubo a kafaɗarsa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Manaja, ni ba ni da kuɗin shekara a dunƙule. Yau in samu aiki, gobe in zauna. Hannun nan shi ne jarina, da shi nake biyan komai. So nake in yi miki kicin ɗin da babu irinsa a layin nan."

Wallahi a lokacin saura kaɗan in yaga takardar. Na dubi hannun nasa, duk ya tsattsage da siminti, na tuna hannun da nake so ke nan.

"To sai mu gyara, ka riƙa biya wata-wata," na ce. "Wannan zan iya yi maka. Kicin kuma wanda ke nan ya ishe ni."

"Ba wannan ba ne." Ya ɗaga takardar. "Wannan ta nuna ba ki yarda da ni ba."

"Da gidana ne ni kaɗai, da tuni ka shiga. Na mutum huɗu ne."

Ya ajiye ta a kan teburi, ya dube ni ido cikin ido.

"To ki ji. In na sa hannu a nan, na zama ɗan hayarki. Ni kuma ba zan auri macen da zan riƙa kai wa kuɗin haya ba. Ko ki ɗauke takardar nan mu ci gaba yadda muke, ko ki ba ni biro. Ki zaɓa."

Ƙarƙashin labule na hango ƙafafun Umma, ta tsaya ba ta motsi. Na san abin da take roƙo a ranta. Ni ma abin da zuciyata ke so ke nan.

Na cire murfin biron na miƙa masa.

"Nan, da nan. Sai ka sa kwanan wata."

Na yi zaton zai ture biron ya tashi ya fita, in ya huce ya dawo. Ko ya yi dariya ya ce gwada ni yake yi. Ya karɓa. Ya gyara takardar a kan teburi, ya soke "shekara" ya rubuta "wata-wata" da kyakkyawan rubutunsa, ya sa hannu a kwafi na farko, ya sa a na biyu. Ya ninke nasa ya sa a aljihu, ya miƙe tsaye ya miƙo min tafin hannu. Na ɗora masa makullin.

"Ranki ya daɗe," ya ce, da irin muryar da ake yi wa baƙo magana, "ranar nawa ga wata ake biya?"

Daga bayan labule na ji Umma ta zauna a ƙasa.

"Ɗaya ga wata," na ce.